Kaya a Reading, Kalma a Leeds: Sharhi a kan Aikin Bayan Fage a Gidan Tarihin Rayuwar Karkarar Ingila

1.0 Gabatarwa

Mai ziyartar gidan tarihi yakan ga abin da aka jera masa ne a ɗakunan nuni: garma a nan, lauje a can, kowanne da ɗan allon bayani a gefensa. Abin da ba ya gani shi ne aikin da ya haifar da wannan ɗan allo, wato karɓar kaya da yi musu rajista da ba su suna da rarraba su aji-aji da tsare su daga lalacewa. Wannan shi ake kira aikin bayan fage, kuma shi ke cin mafi yawan lokacin ma'aikata, domin a kusan kowane babban gidan tarihi kayan da ke ajiye a sito sun ninka waɗanda ake nunawa sau da yawa.

Wannan maƙala sharhi ce a kan irin wannan aiki kamar yadda aka gudanar da shi a Gidan Tarihin Rayuwar Karkarar Ingila na Jami'ar Reading, wanda sunansa na Ingilishi shi ne Museum of English Rural Life, ake kuma taƙaita shi da MERL. Dalilin kawo batun a mujallar nazarin harsuna shi ne, babban kaso na aikin bayan fage aikin harshe ne. Duk kayan da ya shigo gidan tarihi sai an rubuta masa suna, kuma wanda ya rubuta sunan ya yi zaɓi tsakanin kalmomi, ko ya sani ko bai sani ba. Za a nuna cewa tsarin da aka bi a Reading ya yi nasara ƙwarai wajen ceto kayan aikin manoma, amma ya bar kalmomin da ke tafiya da kayan a hannun wata jami'a dabam, kuma wannan rabuwa ta jawo asarar da har yanzu ake ƙoƙarin rage ta.

2.0 Kafuwar Gidan

An kafa MERL a shekarar 1951 a ƙarƙashin sashen koyar da aikin gona na Jami'ar Reading, kuma John Higgs, malami a wannan sashe, shi ne ya fara riƙe shi. An buɗe shi ga jama'a a 1955 a harabar Whiteknights. Abin da ya tunzura masu kafa shi a fili yake. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu noman Ingila ya sauya da sauri. Ƙaramar taraktar nan ta Ferguson ta fara fitowa daga masana'antar Coventry a 1946, dokar aikin gona ta 1947 ta ba manoma tabbacin farashi, sai dawakin noma suka riƙa ɓacewa daga gonaki. Amalanken dawaki da garmar dawaki da kayan ɗaurinsu suka zama tarkace, wasu aka ƙone, wasu aka sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe. Higgs da abokan aikinsa sun ga cewa idan ba a yi hanzari ba, kayan da aka yi ƙarni da ƙarni ana aiki da su za su ƙare cikin shekara goma ko ashirin.

Daga cikin kayan farko da suka shigo akwai tarin da Lavinia Smith ta haɗa a ƙauyen East Hendred, da kuma tarin marubucin nan H. J. Massingham, wanda ya riga ya bayyana kayansa a littafinsa na 1939 mai suna Country Relics. Da tafiya ta yi tafiya gidan ya mallaki dubun-dubatar kayayyaki, da hotuna fiye da miliyan ɗaya, da takardun kamfanoni irin su Ransomes na garin Ipswich masu ƙera garma da Suttons na Reading masu sayar da iri. A 2005 aka koma da shi wani tsohon gida a titin Redlands, wanda magini Alfred Waterhouse ya zana wa Alfred Palmer na kamfanin biskit ɗin Huntley & Palmers, sannan aka sake fasalin ɗakunan nuninsa aka buɗe su a 2016.

3.0 Aikin Bayan Fage

3.1 Karɓa da rajista

Matakin farko shi ne shigar da kaya cikin kundin rajista. A Reading lambar kaya tana da kashi biyu: shekarar da ya shigo, da matsayinsa a jerin kayan wannan shekara. Kayan da lambarsa ta fara da 51, alal misali, ya shigo ne a 1951. Ana rubuta wannan lamba a jikin kayan ta hanyar da za a iya gogewa ba tare da an yi masa lahani ba, sannan a buɗe masa fayil mai ɗauke da wasiƙun wanda ya ba da shi da duk wani bayani da aka samu. Lambar ita ce igiyar da ta ɗaure kaya da labarinsa. Idan ta goge ko ta ɓace, lauje ya koma ƙarfe mai lanƙwasa kawai, ba a san gonar da ya yi yanka ba, ba a san hannun da ya riƙe shi ba. Tun 1994 gidajen tarihin Birtaniya suna bin wata ƙa'ida ta bai ɗaya mai suna Spectrum, wadda ta tsara matakan karɓa da rajista da ba da aro da ƙidayar kaya.

3.2 Kiyayewa

Mataki na biyu shi ne tsare kaya daga maƙiyansa. Kayan karkara na itace ne da ƙarfe da fata da ulu da ciyawa, kuma kowanne da abin da ke cin sa: tsatsa ga ƙarfe, asu ga ulu, fumfuna ga fata, da wani ɗan ƙwaro da tsutsarsa ke huda katako har ta mayar da shi gari. Saboda haka ma'aikata kan lura da danshin iska da zafin ɗaki, su ajiye tarkunan ƙwari masu danƙo a kusurwoyi suna duba su a kai a kai. Al'adar gidajen tarihi a yau ita ce a naɗe kayan da ake zargin yana da ƙwari a leda, a sa shi a injin daskarewa na wasu kwanaki har ƙwarin da ƙwayayensu su mutu, maimakon a fesa masa guba. Akwai kuma ƙa'idar cewa ba a mayar da tsohon kaya sabo. Zaizayewar da hannun manomi ya yi wa ƙota shaida ce, kuma mai gyaran da ya kankare ta ya goge wani shafi na tarihi.

Wani abin da ya faru a watan Fabrairu na 2016 ya nuna yadda wannan yaƙi ba ya ƙarewa. Ɓera ya kutsa siton MERL, ya shiga wani tsohon tarko na kamfanin Colin Pullinger & Sons wanda aka yi wa rajistar ƙira a 1861, ya mutu a ciki, alhali ba a sa wa tarkon abinci ba. Labarin ya zagaya jaridu a matsayin abin dariya, amma ga ma'aikatan sito gargaɗi ne cewa akwai kafar da ɓera ya bi.

3.3 Rarrabewa

Mataki na uku, wanda ya fi shafar wannan sharhi, shi ne rarraba kaya aji-aji. Higgs ya tsara wa gidan hanyar rarrabewa tasa ta kansa, wadda ta dogara a kan amfanin da ake yi da kaya. Ba a haɗa kaya wuri ɗaya don duk na ƙarfe ne ko don sun yi kama da juna. Ana tambaya ne a wane fanni na rayuwa aka yi aiki da shi: gyaran ƙasa, ko girbi, ko kiwo, ko sana'ar hannu, ko aikin cikin gida. Wannan tunani yana da ƙarfi, domin ya sa mutum da aikinsa a gaba, ya kuma hana gidan zama ɗakin tara abubuwan ban mamaki. Tsarin da gidajen tarihin zamantakewa na Birtaniya suka fitar a 1983, wanda ake kira SHIC, shi ma a kan fannonin rayuwa ya dogara.

Sai dai kowace hanyar rarrabewa tana buƙatar suna guda tabbatacce ga kowane irin kaya, in ba haka ba mai neman lauje ba zai same su duka a wuri ɗaya ba. Wannan suna kuwa daga daidaitaccen Ingilishi ake ɗauko shi, ko daga littattafan tallan kamfanoni. Sunan da mai kayan yake kiran sa da shi a ƙauyensu ya zama ƙarin bayani ke nan, wanda ake rubutawa idan an ji shi, a bar gurbinsa idan ba a ji ba. A nan ne matsalar ta fara.

4.0 Jami'o'i Biyu, Aiki Ɗaya

A daidai lokacin da Reading ke tara kaya, Jami'ar Leeds tana tara kalmomi. Harold Orton na Leeds da Eugen Dieth na Jami'ar Zurich sun tsara jerin tambayoyi fiye da 1,300 domin binciken karin harsunan Ingila, wanda aka sani da Survey of English Dialects. Daga 1950 zuwa 1961 masu tattara bayanai suka zagaya wurare 313, galibinsu ƙauyuka, suna tambayar tsofaffi, mafi yawa maza manoma waɗanda aka haifa a wurin. Ba a faɗa wa mai amsa kalmar da ake nema. Ana kewaya masa ne da bayani ko a nuna masa abu ko hoto har ya furta ta da bakinsa, a rubuta ta da haruffan nazarin sauti. Kashi na farko da na biyu na tambayoyin a kan gidan gona da aikin noma suke, na uku kuma a kan dabbobi. An buga amsoshin tsakanin 1962 da 1971, sannan littafin taswirorin binciken ya fito a 1978.

Abin lura shi ne, tsoro ɗaya ne ya tayar da ayyukan biyu. Orton yana ganin rediyo da makaranta da injin noma za su shafe karin harshen ƙauye, Higgs kuma yana ganin tarakta za ta shafe kayan aikinsa. Tsohon da Leeds ke yi wa tambaya a kan sassan amalanke shi ne irin tsohon da Reading ke karɓar amalanken daga hannunsa. Duk da haka an tafiyar da ayyukan a sassa biyu na jami'o'i biyu, ɗaya a sashen Ingilishi, ɗaya a sashen aikin gona, kowanne da kundinsa da lambobinsa. Sakamakon shi ne, Leeds ta samu kalma tare da sunan ƙauyen da aka ji ta, amma kayan da kalmar ke nufi ba ya hannunta. Reading kuma ta samu kayan da za a iya aunawa a taɓa, amma samun sunansa na gida ya dogara ne a kan sa'ar ko mai karɓa ya yi tambaya a ranar.

Ba za a ce ba a san wata hanya ba a wancan zamani. Tun 1909 Rudolf Meringer na Jami'ar Graz a Ostiriya ya kafa mujallar Wörter und Sachen, wato kalmomi da abubuwa, bisa ra'ayin cewa ba a gane tarihin kalma sai an san abin da take nufi a zahiri. Karl Jaberg da Jakob Jud sun bi wannan hanya a littafin taswirorinsu na Italiya da kudancin Suwizalan, mai juzu'i takwas, wanda ya fito tsakanin 1928 da 1940. Babban mai tattara musu bayani, Paul Scheuermeier, yana rubuta kalma yana kuma ɗaukar hoton kayan da yadda ake riƙe shi. Ko a cikin Birtaniya, gidan tarihin al'adun Wales na St Fagans, wanda aka buɗe a 1948 a ƙarƙashin Iorwerth Peate, ya fara ɗaukar muryoyin tsofaffi a ƙarshen shekarun 1950, ya haɗa nazarin karin harshe da tara kaya a ƙarƙashin rufi ɗaya. Bambancin ba ya rasa nasaba da matsayin harshen. Peate marubuci ne da harshen Wales, kuma a wurinsa ceto harshen yana cikin dalilan kafa gidan. Ingilishi kuwa ba ya cikin haɗari, saboda haka aka ɗauki kalmar ƙauye a matsayin abin sha'awar masana harshe kawai.

5.0 Abin da Katin Bayani ke Rasawa

Asarar da wannan rabuwa ke jawowa iri uku ce.

Ta farko ita ce sunan gida. Binciken Leeds ya nuna cewa ɗakin da ake kwantar da shanu yana da sunaye da dama a Ingila: byre a can arewa kusa da iyakar Scotland, shippon a Lancashire da Cheshire da kuma Devon, mistal a yammacin Yorkshire, neat-house a wasu sassan gabas. Kowace kalma tana da iyakarta a taswira da tarihinta. Kundin da ya rubuta suna ɗaya na daidaitaccen harshe a kan kayan da aka kwaso daga waɗannan ɗakuna ya sauƙaƙa wa mai nema, amma ya shafe iyakokin. Mai nazarin da ya zo daga baya zai ga kamar ƙasar duka da baki ɗaya take magana.

Ta biyu ita ce sunayen sassa. MERL ya yi suna da tarin amalanken dawaki masu ƙafa huɗu, kuma a kansu ne J. Geraint Jenkins, wanda ya yi aiki a gidan a shekarun 1950 kafin ya koma St Fagans, ya rubuta littafinsa The English Farm Wagon na 1961. Jenkins ya nuna cewa kowane yanki da ƙirarsa. Ya kasa su gida biyu: masu zurfin ciki kamar akwati, waɗanda suka fi yawa a gabas, da masu gefen da ya lanƙwasa a kan ƙafafun baya, waɗanda aka fi sani a kudu maso tsakiya da yamma. Har launin fenti yana nuna yanki, domin na Oxfordshire ruwan ɗorawa ne da jajayen ƙafafu. Wannan aiki yana daga cikin mafi kyawun abin da gidan ya haifar, kuma ya tabbatar da cewa kaya ma suna da karinsu kamar yadda harshe ke da shi. To amma amalanke guda yana da sassa da yawa, kowanne da sunansa a bakin masassaƙi. George Sturt, wanda ya gaji shagon sassaƙar ƙafafun amalanke a Farnham, sai da ya sa jerin ma'anar kalmomi a ƙarshen littafinsa The Wheelwright's Shop na 1923 don masu karatu su fahimce shi. Katin bayani kuwa lamba ɗaya yake bai wa amalanke da suna ɗaya. Da an aza taswirar ƙira ta Jenkins a kan taswirar kalmomi ta Orton tun farko, ƙauye da ƙauye, da an samu amsar tambayar da ta daɗe tana damun masana karin harshe, wato ko iyakar kalma tana bin iyakar kaya.

Ta uku, wadda ta fi zurfi, ita ce aikatau. Gidan tarihi gidan sunaye ne a nahawunce, domin abin da ake iya ɗorawa a kan kanta shi ake tarawa. Aiki kuwa da aikatau ake faɗar sa. Mai jin Hausa zai gane wannan da sauƙi idan ya tuna cewa tsakanin sharar gona da zuba hatsi a rumbu akwai shuka da noman farko da maimai da huɗa da girbi da sussuka da shiƙa, kuma kayan aikin da ke cikin wannan jeri ba su kai kalmomin yawa ba. Fartanya ɗaya tana yin ayyuka da dama masu suna dabam-dabam. Tsarin Higgs ya yi nufin sa aikin mutum a gaba, amma taken da yake rarraba kaya a ƙarƙashinsu na malaman aikin gona ne. Yadda ma'aikacin gona da kansa ya karkasa aikinsa da lokutansa, wannan a bakinsa yake, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. George Ewart Evans ya gane haka a ƙauyen Blaxhall na Suffolk, inda ya zauna da tsofaffin makiyaya da masu kula da dawaki ya rubuta maganarsu a littafinsa na 1956, Ask the Fellows Who Cut the Hay.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa ɓangaren Leeds ma da nasa raunin. Kalmar da aka rubuta ba tare da kayan ba tana iya ruɗar da mai nazari, domin ƙauyuka biyu kan yi amfani da kalma ɗaya ga kaya biyu mabambanta, ko kalmomi biyu ga kaya ɗaya. Sai an je sito an auna baki da ƙota ake rarrabewa. Har ila yau, an soki binciken da cewa ya fi karkata ga tsofaffin maza, wanda ya sa kalmomin aikin mata ba su samu kaso daidai da na maza ba. Kuma ma'aikatan Reading na farko suna tsere ne da masu sayen tsohon ƙarfe. Wanda ke ƙoƙarin fitar da amalanke daga gonar da za a yi gwanjonta gobe ba koyaushe yake da sukunin zama ya yi hira ba.

6.0 Ƙoƙarin Gyara

A shekarun baya-bayan nan an ga alamun cewa ɓangarorin biyu sun gane giɓin. A 2012 MERL ya fara wani aiki mai suna A Sense of Place, inda ma'aikata suka koma kan tsofaffin fayiloli suna fitar da sunayen wuraren da aka ƙera kaya da inda aka yi aiki da su da inda aka samo su, suna shigar da su kundin kwamfuta. Aiki ne mai cin rai, fayil bayan fayil, amma shi ne sharaɗin farko na haɗa kaya da kalma, domin sunan ƙauye shi ne abin da kundin Reading da na Leeds suka yi tarayya a kai. Gidan ya kuma gayyaci masu saƙar kwando su shigo sito su duba kwandunan da ke ajiye, su bayyana irin saƙar da kayan saƙar da kalmomin sana'arsu. A ɗaya ɓangaren, Jami'ar Leeds ta fara wani shiri na karin harshe da kayan gado a 2020, inda ta haɗa kai da gidajen tarihin karkara guda biyar, daga cikinsu akwai Ryedale Folk Museum da Weald & Downland Living Museum, domin mayar da muryoyi da kalmomin da aka tara kusa da kayan da suke magana a kai.

Waɗannan ayyuka abin yabo ne, amma akwai iyakar abin da za su iya yi. Tsofaffin da Orton ya sa aka yi wa tambaya an haifi galibinsu a ƙarni na 19, kuma babu ɗayansu da ke raye. Ana iya haɗa kalmar wani ƙauye da laujen wani ƙauye na kusa a yi hasashe mai ƙarfi, amma ba a iya komawa wurin mai laujen a tambaye shi. Abin da minti goma na hira za su samar a 1951 yanzu yana cin watanni na bincike, kuma sakamakon bai kai na hirar tabbas ba.

Shaharar da gidan ya samu a intanet ma daga sito ta fito. A watan Afrilu na 2018 ya sa tsohon hoton wani ƙaton rago na jinsin Exmoor Horn a dandalin Twitter, wanda aka sauya wa suna zuwa X a 2023, hoton ya bazu a duniya. Mutane kaɗan ne suka tsaya suka yi tunanin cewa an iya fito da hoton, aka kuma san jinsin ragon, saboda wani ma'aikaci ya taɓa zama ya ba shi lamba ya rubuta bayaninsa.

7.0 Garmar Ipswich a Ƙasar Hausa

Akwai misali ɗaya da ya haɗa siton Reading da gonakin Nijeriya kai tsaye. A ƙarshen shekarun 1920 ma'aikatar gona ta mulkin mallaka ta fara koya wa manoman Arewa noma da shanu, kuma kayan aikin da ya fi yaɗuwa a wannan shiri shi ne na'urar yin kunya mai suna Emcot ta kamfanin Ransomes, kamfanin da takardunsa ke ajiye a MERL. A takardun kamfani sunanta Emcot. Manomin Hausa kuwa bai ari wannan suna a matsayin sunanta na yau da kullum ba. Ya ɗauki kalmar garma, ko galma a wasu karuruwan harshen, wadda tun da can sunan babbar hauyar huɗa ce ta hannu, ya faɗaɗa ma'anarta, ya ce garmar shanu. Wannan faɗaɗawa tana gaya wa mai nazari yadda manomi ya fahimci sabon kayan: ya auna shi ne da aikin da yake yi, wato huɗa, ya sa shi a gidan tsohon kayan da ke yin wannan aiki. Kundin kamfani ba zai nuna wannan ba komai cikarsa. Ƙamus ma, ko da irin na Bargery na 1934 ne wanda ya kula da nuna yankin da kalma ta fito, ba zai nuna siffar bakin ƙarfen da faɗin kunyar da yake tayarwa ba. Sai an ajiye biyun kusa da juna labarin yake cika.

8.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan maƙala a nuna cewa aikin bayan fage a MERL ya cika manufarsa ta farko. An ceto kayan, an ba su lambobi, an tsare su fiye da shekara 70, an kuma rarraba su bisa tunani mai ma'ana. Rauninsa ya samo asali ne daga ɗaukar suna a matsayin hanyar nemo kaya kawai, alhali sunan da mai kaya ya ba shi shaida ce mai daraja kamar kayan kansa, kuma ita ce ta fi saurin ɓacewa, tun da ƙarfe yana jira a sito, mai magana kuwa ba ya jira.

Darasin ga masu nazarin harsunan Nijeriya a bayyane yake. Tarakta da injin sussuka da maganin kashe ciyawa suna yi wa kalmomin noma na Hausa da Tibi da Yarbanci da Ibo da sauransu abin da suka yi wa na Ingila, sai dai a nan masu kalmomin suna raye. Ya kamata duk katin da za a buɗe wa kayan karkara ya kasance da gurbi na dole ga sunan gida da karin harshen da aka ji shi, da sunayen sassa, da aikatau ɗin da ke tafiya da kayan, tare da muryar mai shi in da hali. Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai sassan harsuna na jami'o'i sun shiga sito tare da ma'aikatan gidajen tarihi tun ranar da ake karɓar kaya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.